Daga allura zuwa keke: tarihin injin da ya shiga ɗakin kowa

Duk wanda ya taɓa yin goman ƙarshe na watan azumi a zango ya san wannan ƙara. Dare ya raba, masu tahajjud sun fara komawa gida, an rufe shaguna in ban da na teloli, sai ka ji ta tana fitowa daga kowane lungu, ko a Nima ta Ankara ne, ko Aboabo ta Kumasi, ko zangon Tamale: ƙarar keken ɗinki, tana tafiya tana tsayawa. Mun saba da ita har kunnuwanmu sun daina kula ta. Yaro ya tashi ya tarar da keke a ɗakin mahaifiyarsa, sai ya ɗauka tare da turmi da tukunya aka gaje shi tun kaka da kakanni. Alhali kuwa wannan ƙarfe bai cika shekara 200 a duniya ba, kuma a karon farko da aka jera irinsa a ɗaki guda domin aiki, teloli ne da kansu suka ɓalle ƙofa suka farfasa su.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne gardamar da ta cika majalisunmu a 'yan shekarun nan, game da injuna da manhajojin kwamfuta da ke ta karɓe ayyukan yau da kullum daga hannun mutane. Wasu na murna, wasu na fargaba, kuma kowane ɓangare yana magana ne a kan abin da bai gama faruwa ba. Shi kuwa keken ɗinki ya riga ya yi doguwar tafiyarsa. Yana cikin injunan farko da suka fito daga masana'anta suka shiga ɗakin talaka, an kuma sami tsawon zamanin da za a iya dubawa a ga wa ya ci ribarsa, wa kuma ya biya kuɗinta.

Kafin zuwansa, duk wata sutura da ɗan Adam ya taɓa sawa, daga bante har alkyabbar sarki, hannu ne ya soka mata allura sau ɗaya sau ɗaya. A ƙasar Hausa aikin a rabe yake. Mata su ke kaɗi, su fitar da zare da abawa, maza su saƙa a siririyar masaƙa, su kuma maɗinka su harhaɗa ƙyallen tsiri-tsiri, wani faɗinsa bai wuce na yatsu biyu ba, har ya zama riga ko zane ko rawani. Daga nan sai marina, sai masu bugu. Ɗinki sana'ar maza ce, musamman malamai da almajiransu, domin ana iya yin ta a zaune a zaure tsakanin karatu da karatu, kuma sau da yawa malamin da ya iya riƙon alƙalami shi ke zana fasalin aikin da za a yi a ƙirjin babbar riga. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a farkon 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da birnin ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300 a ƙalla, ana kai su har Tumbutu da Gat da Tarabulus. Cikin kayan da fatake ke ɗorawa jakuna zuwa Gwanja su dawo da goro, tufafin nan na kan gaba. Wato kakannin da suka kafa zangunanmu, ɗinkin hannu na cikin abin da ya kawo su.

Kada dai a ɗauka zamanin allura zamanin hutu ne. A Ingila, inda ɗinki ya zama aikin mata matalauta, mace kan kwana tana haɗa rigar da ladanta bai isa sayen abincin yini ba. A 1843 mujallar Punch ta buga wata waƙa ta Thomas Hood a kan wahalar irin waɗannan mata, ta girgiza Landan. A 1863 wata budurwa 'yar shekara 20 mai suna Mary Anne Walkley ta mutu a wani gidan ɗinkin manyan mata a birnin, bayan ta yi fiye da awa 26 tana aiki ba hutu domin a gama kayan wani biki. Ba inji ne ya kashe ta ba, allura ce da mai gidan da ke tsaye a kanta. Duk mai son yi wa keke hukunci na adalci sai ya riƙe wannan a zuciyarsa.

Wanda ya fara ƙera keken da ya yi aiki a kasuwa tela ne, Bafaranshe mai suna Barthélemy Thimonnier. Ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1830. Kekensa mafi yawansa katako ne, allurarsa mai ƙugiya ce, tana yin ɗinkin sarƙa da zare guda. Ya sami masu jari, aka buɗe masa ɗakin aiki a Faris da kekuna kusan 80, ana ɗinka kayan soja. A farkon 1831 teloli wajen 200 suka afka wa wurin suka lalata kekunan, domin a ganinsu abincinsu ake shirin tsole wa ƙasa. Thimonnier ya sake gwadawa nan da can, bai yi nasara ba, ya mutu a 1857 cikin talauci. A Amurka kuma wani haziƙi mai suna Walter Hunt ya ƙera nasa a Niyok wajen 1833, mai zare biyu, amma bai nemi takardar mallaka ba. Labarin da ake bayarwa shi ne ya ji tsoron kada ya jefa mata maɗinka cikin yunwa. Mutum na farko ke nan a wannan tarihi da ya auna amfani da illa ya ja da baya, kuma jan bayansa bai hana kome faruwa ba, ya dai hana shi cin ribar ne kawai.

Sirrin da ya sa keke ya yiwu abu ne mai sauƙin faɗi. Masu ƙira na farko sun daɗe suna ƙoƙarin sa ƙarfe ya kwaikwayi hannu, ya tura allura ta ɓulla ta ƙasa, ya kama ta, ya juyo da ita. Ba su ci nasara ba sai da suka bar kwaikwayon. Aka mayar da kafar allura kusa da tsininta maimakon gindinta. Allurar ta huda ƙyalle ta kai zaren sama ƙasa, tana ɗagowa sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa, sai ƙoshiya mai ɗauke da kwarkwaron zare na biyu ta ratsa ta cikin lanƙwasar, zarurrukan biyu su sarƙe a tsakiyar ƙyallen. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi zai gane cewa wannan dabarar masaƙa ce aka aro, shi ya sa har yau sunayen kayan cikin keke na masaƙa ne. Inji bai koyi ɗinki irin na mutum ba, an sake wa ɗinkin fasali ne domin ya dace da inji. Haka kuwa abin yake tafiya kusan duk inda inji ya karɓi wani aiki.

Elias Howe ne ya sami takardar mallakar wannan dabara a Amurka, ranar 10 ga Satumba 1846. Kafin nan ya yi gasa a Boston da mata biyar gwanayen allura, ya riga su gamawa, amma ba wanda ya sayi keke ko ɗaya. Ya tafi Ingila neman kasuwa, ya dawo a 1849 ba shi da ko sisi, ya tarar wasu suna ƙera irin kekensa suna sayarwa. Daga baya cikinsu har da Isaac Singer, tsohon ɗan wasan kwaikwayo, wanda ya sami tasa takardar a watan Agusta na 1851, shekarar da Barth ke zagaya kasuwar Kano. Singer ya gyara abin ya zama mai amfani: allura mai sauka tsaye, da ƙafar da ke danne ƙyalle, da faffaɗan wurin shimfiɗa shi. Howe ya kai ƙara, ya ci shari'a a 1854. Da manyan masu ƙera kekunan suka ga shari'a za ta cinye su, sai a 1856 suka haɗa takardunsu wuri guda, suka sa duk mai son ƙera keke ya biya su. Wannan haɗaka ta riƙe farashi a sama har 1877. Tun ba a je ko'ina ba, an riga an san aljihun da ribar farko za ta faɗa.

Amma mutumin da ya shigar da keke ɗakin talaka ba maƙeri ba ne, lauya ne, Edward Clark, abokin cinikin Singer. Keke a lokacin yana kai dala 100 ko fiye, a ƙasar da iyali da yawa ba su wuce dala 500 a shekara ba. A 1856 Clark ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan: ka ajiye dala 5 ka ɗauki keke, sauran ka riƙa biya wata-wata. Kamfanin ya buɗe shaguna masu ƙawa, ya zaunar da mata suna ɗinki a gaban jama'a domin a ga mace ma za ta iya sarrafa inji, ya baza wakilai masu bin gida-gida suna sayarwa, suna koyarwa, suna gyara, suna karɓar bashi. A 1867 ya buɗe masana'anta a Glasgow ta Sikotilan, daga baya ya gina wata katafariya a Clydebank, daga can kekuna suka bi jiragen ruwa zuwa duk inda Turawa ke mulki ko ciniki.

To, me keke ya rage? Kamfanin Wheeler & Wilson, abokin hamayyar Singer, ya buga lissafinsa a wancan zamani: rigar namiji da ke cin awa 14 da minti 26 a hannu, keke na gama ta cikin awa 1 da minti 16. Lissafin mai talla ne, a rage masa gishiri, amma ko an rage, awa goma sha wani abu ta faɗo daga kowace riga. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan tarihi ita ce, hannun wa waɗannan awoyi suka shiga?

Ga matar da ke ɗinka wa iyalinta, da farko hannunta suka shiga, kuma wannan alheri ne na gaske. Idon da ke tsiyaya a gaban fitila ya huta, yara suka sami canjin tufafi, talaka ya fara sa riga biyu inda da ɗaya yake da ita. Har Mahatma Gandhi, wanda ya shahara da ƙyamar manyan injuna, ya ware keken Singer ya ce yana cikin 'yan abubuwa masu amfani da aka taɓa ƙirƙira, domin yana zaune a gida yana taimakon hannu ba tare da ya mayar da mai shi bawa ba. Sai dai hutun bai daɗe ba. Masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan ta nuna a littafinta na 1983 a kan injunan aikin gida a Amurka cewa sau da yawa lokacin da inji ya rage, sabon buri ne ke cinye shi. Da ɗinki ya yi sauƙi sai ado ya ƙaru, rigar mace ta cika da tattara da ninki da ƙyale-ƙyalen da da ba mai ɓata lokacinsa a kansu. Matar da a da takan kira maɗinkiya ta biya ta, yanzu an saya mata keke, aikin ya dawo wuyanta ita kaɗai. Mu ma mun san wannan. Kakanninmu sukan yi sallah da rigar da suka yi ta bara da ita, ba wanda ya ce uffan. Yau ƙaramar sallah da ɗinkinta, babba da nata, kowane biki da ankonsa, shi ya sa tela mai keken lantarki yake kwana a shago fiye da yadda kakansa mai allura ya taɓa kwana.

Ga matar da ɗinki ne abincinta kuwa, labarin ya fi ɗaci. Tun da riga ta daina cin awa 14, sai 'yan kwangila suka rage ladan kowace riga. Wadda ba ta da keke ta kasa gogayya, ta faɗi. Wadda ta ci bashi ta saya, sai ta wayi gari ita ke biyan kuɗin inji, ita ke sayen zare da mai, ita ke biyan hayar ɗakin da ake aikin, mai kwangila kuwa ba abin da ya ajiye sai yadi. In ta yi ciwo ta kasa biyan wata biyu ko uku, a zo a ɗauke keken, abin da ta biya a baya ya bi ruwa. Karl Marx ya yi dogon bayani a kan wannan a littafinsa na 1867 game da jari, inda ya lura cewa matasa masu ƙarfin taka keke sun ɗan sami ƙari, tsofaffi da raunana masu allura kuwa sun ƙara nutsewa. Aikin kansa aka daddatsa shi. Maimakon tela guda ya yanka ya haɗa ya gama, sai wannan ta yini tana ɗinka wuya kawai, waccan hannu kawai, wata maɓalli kawai. Wanda ya iya wuya kawai kuwa ba shi da bakin ciniki, domin ana iya koya wa wani cikin mako guda.

Watan Maris na 1911 ya nuna wannan fuska ta biyu a wurare biyu kusan lokaci ɗaya. A Clydebank, inda ake ƙera kekunan, aka sake wa wasu mata 12 masu goge akwatunan keke tsarin aiki, aiki ya ƙaru, lada ya ragu. Suka ajiye aiki, cikin kwana biyu mafi yawan ma'aikatan masana'antar su wajen 11,000 suka bi bayansu. Bayan mako uku yajin ya karye, aka kori kimanin 400. A cikin kwanakin nan ne kuma, ranar 25 ga watan, wuta ta tashi a masana'antar riguna ta Triangle a Niyok, a saman wani dogon bene. An kulle wata ƙofar fita don kada ma'aikata su saci jiki ko su saci ƙyalle. Mutum 146 suka mutu, mafi yawansu 'yan mata baƙin haure, Yahudawa da Italiyawa. Bayan wannan gobara ne jihar Niyok ta kafa kwamitin bincike, ta yi dokoki masu yawa kan tsaron masana'antu. Shekara 60 ke nan bayan keken Singer. A nan ina ganin akwai abin lura: amfanin inji yakan zo da ƙafarsa, da wuri, amma kariya daga illarsa sai an yi ta da gangan, kuma galibi sai bayan an binne wasu.

A wannan yanki namu keke ya shigo ne ta hannun kamfanonin Turawa na bakin teku da makarantun mishan, inda ake koya wa 'yan mata ɗinki. Tasirinsa a nan ya sha bamban da na Landan da Niyok, kuma dalilin a fili yake. Can an tara kekuna a ƙarƙashin mai jari guda, nan kuwa sun watsu ɗaya-ɗaya a hannun masu su. Tela ya sayi kansa guda, ya kafa a bakin kasuwa ko a zaure, ya ɗauki yara biyu, ya zama mai gidan kansa. Shi ke ciniki da mai kaya baki da baki, shi ke yanka, shi ke gamawa. Har yau a Gana yarinyar da za ta shiga koyon ɗinki takan zo da kekenta na hannu a ranar farko, kuma a gidaje da yawa keke na cikin kayan da ake haɗa wa amarya. 'Yan matan arewa da ke dakon kaya a kasuwannin Ankara da Kumasi, waɗanda ake kira kayayei, sunan da rabinsa kalmarmu ce ta kaya, da yawansu abin da suke tara wa kuɗi ke nan. Ga matar da ke cikin kulle ma ya zama sana'ar da ba sai ta taka waje ba. Da kekunan Butterfly na ƙasar Sin da Usha na Indiya suka shigo da rahusa, sai abin ya ƙara yaɗuwa. Ƙarfe ɗaya ne, dabara ɗaya, amma a wani wuri ya tara mata a bayan kulallen ƙofa, a wani wurin ya ba mace jarin kanta. Bambancin yana ga wanda ya mallaki keken da wanda ke yanka farashi.

Ba a ce ba mu yi asarar kome ba. Haɗa tsiri-tsirin ƙyalle da hannu, wanda da ke ciyar da dubban almajirai, ya kusan ɓacewa, ko da yake yadin kanti mai faɗi ya fi keke laifi a nan. Abin da ya tsira shi ne aikin ado. Aska biyu da aska takwas da sauran zane-zanen ƙirjin babbar riga, da zaren tsamiya da ake yin su, da hulunan hannu, sun ci gaba da daraja, har ma darajarsu ta ƙaru, domin da ɗinkin inji ya cika gari sai na hannu ya zama alamar mai hali. A birnin Zariya ma mata sun shiga wannan aiki da a da na maza ne, suna yi a cikin gidajensu. Sai dai a yi hattara da wannan labari mai daɗin ji. Rigar da ta ci watanni ana yi mata aiki tana tsada a hannun dillali, amma in aka raba abin da ya isa hannun mai allurar da kwanakin da ta yi, ba kasafai yake zama abin alfahari ba.

Shi ma adon inji bai ƙyale shi ba. Tun 1828 Josué Heilmann ya ƙera injin surfani a Mulhouse, a 1863 Isaak Gröbli na Siwizalan ya fito da wanda ke amfani da dabarar zare biyu irin ta keke, kuma zuriyar wannan inji ce ke saƙa leshin da garin Lustenau na Ostiriya ya riƙa turo wa Afirka ta Yamma tun shekarun 1960. A shagunanmu kuma keken Cornely na Faris ya daɗe yana yi wa wuyan kaftani ado. Shi wannan keke yana buƙatar gwani, domin hannun tela ne ke juya wata 'yar mariƙa a ƙarƙashin teburi yana jan zanen yadda ya ga dama, sai mutum ya yi shekaru kafin hannunsa ya faɗa. Yanzu ga abin da muke kira aikin kwamfuta. Ana zana fasali a manhaja sau ɗaya, a sa wa inji mai kawuna da yawa, ya fitar da wuya shida ko goma sha biyu iri ɗaya a lokaci guda, yaron da ke tsaye a wurin aikinsa ɗaura yadi da canza zare.

Wannan sabon mataki shi ya fi damuna, kuma ba don ƙyamar sabon abu ba. Aikinsa da tsabta, ga sauri, ya kuma sa saurayin da ba shi da kuɗin aikin hannu ya fita sallah da ado. Damuwata biyu ce. Ta farko, kuɗin injin ya fi ƙarfin tela guda, don haka aikin da da ke warwatse a shaguna ɗari yana komawa hannun masu jari kaɗan, sauran teloli su zama masu kai musu wuya suna jira a layi. Wannan ya fi kama da hanyar Niyok fiye da hanyar da keke ya bi a zango. Ta biyu, matakalar koyo ce ke karyewa. Yaron shago yakan fara da guga da sa maɓalli da kalmasa, ya hau zuwa haɗi, ya hau zuwa aiki, kafin a ba shi almakashi. Ƙananan ayyukan nan da inji ke fara ɗaukewa su ne makarantar. In an cire su, ta ina gwanin gobe zai fito, kuma wa zai gane in injin ya yi kuskure?

Akwai kuma dogaro. Shekarun dumsor, musamman daga 2012 zuwa 2016, sun koya wa telolin Gana abin da ba a rubuta a takardar sayen keke ba. Mai keken lantarki ya zauna yana kallon kayan mutane, ko ya sayi janareta ribar ta tafi a mai. Waɗanda suka ajiye tsohon keken ƙafa a lungu suka jawo shi suka kaɗe masa ƙura. Tsohon baƙin keken nan duk wani mai gyara a kasuwa yana iya kwance shi ya ɗaure, kayan gyaransa na nan a kowane teburi. Injin kwamfuta kuwa in allonsa ya ƙone, sai a jira kaya daga waje da wanda ya san sirrinsa.

Wani abin mamaki shi ne, bayan duk waɗannan shekaru, haɗa riga bai zama aikin inji shi kaɗai ba. Kaɗi da saƙa sun daɗe da komawa hannun injuna kusan gaba ɗaya, amma ƙyalle abu ne mai laushi, yana miƙewa yana tattarewa, har yau sai yatsun mutum sun riƙa bi da shi a ƙarƙashin allura. Saboda haka maimakon a kawar da mai ɗinki, sai aka riƙa bin duniya ana neman inda ya fi araha. Ranar 24 ga Afrilu 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a kusa da Dhaka ta Bangaladash, mutum 1,134 suka mutu, mafi yawansu mata masu ɗinka wa manyan kantunan Turai da Amurka. An ga tsagewa a bangon tun jajibirin ranar, aka ce su koma bakin kekunansu.

Tufafin da ake ɗinkawa a irin waɗannan wurare sun yi arahar da masu sayensu ke sawa sau kaɗan su yar, kuma ƙarshen tafiyar da yawansu a ƙofarmu yake. Ƙungiyar Or Foundation, wadda ta daɗe tana aiki a kasuwar Kantamanto ta Ankara, ta ƙiyasta cewa gwanjo wajen miliyan 15 ke shiga kasuwar a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na fita ne a matsayin shara, wasu su ƙare a bakin teku. Gwanjon nan ya suturta talaka, ya kuma janye wa telan unguwa cinikin kayan yau da kullum, ya bar shi da na sallah da biki da makaranta. Amma a cikin kasuwar kanta akwai ɗaruruwan teloli da aikinsu shi ne rage wando, sake wuya, haɗa riga biyu da suka lalace su zama ɗaya mai sayuwa, kowa da kekensa a rumfar da ba ta fi shimfiɗar tabarma ba. Gobarar da ta tashi a daren 1 ga Janairu 2025 ta cinye mafi yawan rumfunan, har da kekunan da ke cikinsu. Kafin toka ta gama hucewa 'yan kasuwar sun fara auna filayensu suna kafa katako.